Shekarar da Na Fitar da Babban Inji

Wannan babin shi ne na fi jinkirta rubutawa, domin mutanen da ke cikinsa wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya ji ƙansu, wasu kuma suna raye suna iya musanta ni. Amma ku 'ya'yana kun taso kuna jin labarin injin da na sayar daga bakuna daban-daban. A dangi akwai masu cewa na sa ƙafa na shure arziki. A layin masu ɗab'i akwai masu cewa wata ƙungiyar Turawa ce ta biya ni in koma aikin ƙyalle. Babu ɗaya da ya faɗi daidai. Ga yadda abin ya kasance, iyakar abin da na riƙe.

Kun san kakanku daga Borno ya zo, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi, ya samu gida a Fagge kusa da tasha, a nan aka haife mu ni da yayana Modu. Ni tun ina ƙarami hannuna yake son zane. Da buroshi na fara, ina rubuta sunayen shaguna a kan allo da jikin bango. A wajen wannan aikin na haɗu da Emeka, wanda kuke kira Baba Emeka. Iyayensa Ibo ne, amma a Sabon Gari aka yanke cibiyarsa, kuma Hausarsa ta fi tawa karin magana. Shi Allah Ya ba shi sanin inji. Duk abin da ke da waya da ƙarfe, in ya zura masa ido sai ya gane ciwonsa. Muka haɗa kai muka kama shago a wani lungu da ke bayan Titin Ibrahim Taiwo. Ni nake zama da mai aiki in ji abin da yake so, in tsara masa, shi kuma Emeka ya buga. Da kwamfuta ta zo, shi ya fara koya, sannan ya zaunar da ni ya koya mini kamar ɗan firamare.

Daga baya gari ya koma yayin fileks, wato ledar nan mai kauri da ake buga manyan hotuna a kai, a rataya a titi. Wanda ba shi da injinta sai dai ya tsara aiki ya kai wa wani ya buga, a ci riba a kansa. Sai na tafi wurin Yaya Modu. Akwai fili da mahaifinmu ya bar mana mu biyu, na roƙe shi mu sayar mu sa a inji, ya zama da rabonsa a ciki. Ya daɗe yana juya maganar kafin ya yarda, kuma ina so ku riƙe wannan, domin kada ku ɗauke shi a matsayin mugu a abin da zai biyo baya. Mutum ne da ya saki abin da ke hannunsa saboda ya yarda da ƙaninsa.

Injin ya zo, faɗinsa ya kusa tsawon ƙaramar mota. Muka sa shi a ɗakin baya, muka toshe tagar da bulo, saboda ƙura da zafi suna kashe shi. Muka sa na'urar sanyaya ɗaki da janareta mai kwana yana ruri. Tawadarsa kuwa tana da wani wari mai hawa kai, wanda in ka shiga da safe sai idonka ya kawo ruwa, zuwa azahar kuma ka daina jinsa. Da wani ruwa mai kama da fetur ake wanke bakin injin, in an gama a tuttular a kwatar lungu. Gefen fileks da muke yankewa mu tara a bayan shago, in ya yi yawa a cinna masa wuta. Haka kowa yake yi a layin, ba wanda ya ga abin magana. Aiki ya buɗe mana sosai. A shekarun nan na kai Inna, kakarku, Makka, na kuma sa ku a makarantar kuɗi. Ni ina gaba wurin kwastomomi da fanka a kaina. Emeka yana ɗakin baya, ƙofa a rufe, daga safe har magariba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, shekarar gab da zaɓe ce. Tun farkonta Emeka yake tari. Ya ce mura ce, ya sha citta da zuma, ya sayi magani a kemis. Tarin bai tafi ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata rana bayan la'asar na shiga ɗakin baya in tambaye shi wani aiki, na tarar da shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, ya dafe ƙirji, injin yana ta tafiya shi kaɗai. Na ɗauke shi a mota zuwa asibiti. Ya yi kwanaki a kwance ana sa masa iska. Da likitan ya ji irin aikin da yake yi da irin ɗakin da yake yinsa, bai yi wani dogon bayani ba. Ya ce huhun ya gaji, abin da ya lalace ba zai dawo duka ba, amma saura zai iya kai shi tsufa in ya rabu da wannan warin. In ya koma kuwa, to, mu shirya zuwa asibiti a kai a kai, har ranar da ba za a dawo da shi ba.

Bayan an sallame shi na je gaishe shi a Sabon Gari. Matarsa, Mama Nkechi, ta kawo mini ruwa ta koma ciki. Emeka ya riga ya gama tunaninsa, ya tsara komai kamar yadda ya saba tsara aiki. Ya ce shi zai janye. In nemo matashi mai ƙarfi, zai zauna daga bakin ƙofa ya koya masa injin, in ya iya sai shi ya koma gefe ya nemi wata sana'a, ko gyaran janareta ne. Ya ce zaɓe na tafe, wannan kakar ba a barinta ta wuce. Na ce masa zan yi tunani. A raina kuwa na ga maganarsa ta yi daidai, har na fara lissafa yaran unguwa da za su iya.

Da na dawo gida na zauna a tsakar gida ina ba mahaifiyarku labari, Inna tana gefe a kan tabarma tana jan carbi. Kun san Inna ba ta shiga maganar shago, ba ta ma taɓa zuwa ta ga injin ba. Sai da na kai wurin ɗauko matashi, ta tsayar da carbin ta dube ni.

"Bukar, shi wanda za ka ɗauko ɗin, ba shi da uwa ne?"

Iyakar abin da ta ce ke nan, ta ci gaba da lazuminta. Ni kuwa na kasa ƙarasa tuwon da ke gabana.

Ban yanke shawara a ranar ba, kuma ba na so ku ɗauka ni wani waliyyi ne. Na yi makonni ina neman hanyar da zan riƙe injin. Na tambayi mai gidan shagon ko zai bari mu fasa bango mu sa manyan fankokin zuƙe iska, ya ce gininsa ba zai ɗauka ba. Na tambayi masu shigo da kaya ko akwai tawadar da ba ta da wannan wari, suka ce akwai, amma da injinta take zuwa, kuma a lokacin ko a mafarki ba mu isa mu saya ba. Na sayo abin rufe hanci na gwada zama ɗakin da kaina. Kafin mako ya ƙare kaina yana sarawa, abinci ya daina yi mini ɗanɗano. A nan na san abin da mutumin nan ya yi shekaru yana shaƙa, ni ina gaba ina shan iska.

Ana cikin haka wani wakilin ɗan takara ya zo da kwangilar da ba mu taɓa samun irinta ba, fileks na ƙananan hukumomi da yawa. Labari ya kai kunnen Yaya Modu kafin in kai masa. Ya zo gida da kansa bayan sallar Juma'a, fuskarsa a sake. Da na gaya masa ina son fitar da injin, sai ya kalle ni kamar ya ga wanda aljanu suka taɓa. Ya ce ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ya ce cuta da mutuwa na Allah ne, kowace sana'a da haɗarinta, mahaifinmu ma ƙarƙashin taragon jirgi ya yi ta shiga har ya tsufa. Ya ce Emeka da bakinsa ya yafe, to ni mene ne nawa. Ya ce in bari a wuce zaɓe kawai, bayan nan in yi abin da na ga dama. Duk maganarsa akwai hankali a ciki, shi ya sa ta yi mini nauyi. Na ce masa aikin zaɓe dare da rana ake yinsa, kuma a cikin wannan ɗakin, dole wani ya zauna.

"Filin Baba ne fa a cikin injin nan," in ji shi.

"Na sani, Yaya. Zan mayar maka da rabonka."

"Ba rabona nake tambaya ba. Ina tambayar ka ne, a kan bare za ka watsar da abin da ubanmu ya bari?"

Na ce masa Emeka ba bare ba ne a wurina, kuma ko da bare ne, numfashi ɗaya Allah Ya ba kowa. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya shiga ya yi wa Inna sallama, ya fita bai sake kallona ba.

Na sayar da injin ga wani kamfani a unguwar masana'antu, masu ƙaton zaure da rufi mai tsawo da na'urorin fitar da iska. Sai da na je na ga wurin da idona kafin na yarda, ko da yake wani a layinmu ya taya da daraja fiye da tasu. Mahaifiyarku ta tambaye ni ko a can ɗin ba mutane ne za su shaƙa ba. Na ce mata za su shaƙa, amma ba kamar a kurkukun da muka gina ba. Har yau ban ce wannan amsar ta gamsar da ni gaba ɗaya ba. Ita ce dai iyakar abin da na iya. Na kai wa Yaya Modu rabonsa, ya karɓa ta hannun matarsa.

Emeka ya yi fushi da ni fiye da kowa. Ya ce na mayar da shi sanadin talaucin gida biyu. Sai da Mama Nkechi ta sa baki. Ita ce ta ce ga tsohon gidan mahaifinsa nan a Sabon Gari, masu haya sun tashi, akwai tsakar gida mai faɗi da bishiyar mangwaro, me zai hana mu koma can. Muka koma. Muka kafa rumfa, gefe da gefe a buɗe. Da abin da ya rage a hannuna muka sa sola daidai ƙarfin kwamfuta biyu da fanka da ƙaramin injin takarda, muka rabu da janareta. Muka koma bugun hannu irin wanda na sani tun ina saurayi: firam na katako da aka ɗaure wa raga mai laushi, a shimfiɗa a kan ƙyalle, a ja tawada da roba. Sai dai wannan karon tawadar da ake damawa da ruwa muka nema, wadda ba ta hawa kai. Ƙyallen kuwa farin yadi ne, da guntayen da 'yan Kantin Kwari suke rasa yadda za su yi da su. Emeka, da yake ba ya iya zama haka nan, ya haɗa durom biyu da yashi da gawayi, ruwan wanke firam ya bi ta ciki ya tace kafin ya fita kwata, dattin da ya kwanta kuma mu busar mu ɗaure. Ni kuma na koyi tsara aiki daidai girman takarda don kada a yanke a zubar, na daina buga gwaji, sai in tura wa mutum ta waya ya duba.

Kada ku ɗauka da muka yi haka sai kasuwa ta buɗe. Aikinmu na farko na wata makaranta ne, aka rataya, ruwan sama ya sauka, rubutun ya zubo kamar kwalli a idon mai kuka. Shugaban makarantar ya dawo mana da shi a leda, ya faɗi abin da ya faɗa. Sai daga baya muka gane dole a gasa tawadar da zafi kafin ta kama, muka sayo manyan duwatsun guga. Zaɓe ya zo ya wuce mu muna kallo. Abokan sana'armu suka sauya motoci, ni na sayar da tawa. Wanda ya zo neman hotonsa ƙato mai sheƙi, in muka nuna masa ƙyalle sai ya yi dariya ya tafi. Falmata, ke ce kika fi kowa biyan wannan shawarar, domin ke aka cire daga makarantar da kike so kina tsakiyar sakandare. Na tuna kin yi kwanaki ba kya cin abinci tare da mu. Ban taɓa zaunar da ke na gaya miki dalili ba, ina ganin yarinya ce. Yau na gaya miki. Mahaifiyarku kuwa ta sayar da abin da ta sayar na ɗakinta ba tare da ta sanar da ni ba, sai da na ga kwabar ta yi fili.

Mata ne suka tashe mu. Mama Nkechi ta zo wata rana ta ce ƙungiyar matan cocinsu kowane wata sai sun buga sabon fileks na taro, alhali rana kawai ke sauyawa, tsohon kuma a jefar. Ta ce ba za a iya yin wanda za a riƙa sauya ranar kaɗai ba? Na zauna na tsara ƙyalle mai kyau da sunan ƙungiyar, aka ɗinka masa aljihu a ƙasa, inda za a zura ƙaramin ƙyallen kwanan wata a zare. In ya yi datti a wanke a goge. Matan suka rataya shi, wasu coci suka gani suka aiko. Mahaifiyarku ta ɗauki maganar ta kai Islamiyyarsu, inda duk shekara ake walimar sauka. Daga nan sai makarantu, sai masu gidan biki. Ba aiki ne mai kawo kuɗi a dunƙule ba, kuma mun san wanda ya saya sau ɗaya zai daɗe bai dawo ba. Amma yakan turo wani.

Da damina ta kankama bayan zaɓen, fileks ɗin 'yan takara da aka yayyage suka cika magudanan ruwa. Wajen shataletalen Bata ruwa ya hau titi har ya shiga shaguna, aka yi ta zaro fuskokin manya daga cikin kwata. Emeka ya tsaya yana kallo, ya ce wannan ledar ruwa ba ya cinta, rana ba ta cinta, ai kuwa jaka ce. Muka fara karɓar tsofaffin fileks daga masu ɗab'i, waɗanda da ƙonawa za su yi, a wanke, mu kai wa telolin Fagge su ɗinka manyan jakunkuna da murfin kaya. 'Yan Kwari masu aika atamfa garuruwa suka karɓe su hannu biyu. Wani lokaci sai ka ga ɗan dako ya wuce da jaka a ka, rabin hular wani tsohon ɗan takara a gefenta. Sannu a hankali wurin ya tsaya da ƙafarsa. Ba mu koma arzikin da ba, ban kuma sake sayen mota ba sai da furfura ta cika mini kai. Amma mun ci, mun sha, kun yi karatu, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashin rumfar nan ya koma gida da ƙirjinsa lafiya.

Yaya Modu ya yi shekaru bai taka wurin ba. Muna haɗuwa a sallah da suna da jana'iza, mu gaisa gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. Inna ta rasu ba ta ga mun shirya ba, wannan kuwa yana cikin abubuwan da ke ci mini rai har gobe. Sai lokacin auren 'yarsa ta fari, kwatsam na ɗaga kai na gan shi a ƙofar gidan Sabon Gari, ya ce katin gayyata ya zo a yi masa. Emeka ya tashi ya ba shi kujerarsa a gindin mangwaro. Ya zauna ya daɗe yana kallon ƙyallayen da aka shanya suna kaɗawa, da yaran da ke jan tawada suna hira. Na kawo masa samfura ya zaɓa. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wurin nan da iska," in ji shi.

Ya sa kai ya tafi. Har Allah Ya karɓi ransa bai taɓa cewa na yi daidai ba, kuma ban taɓa cewa ya yi kuskure ba. Amma daga ranar yakan biyo in ya fito kasuwa, ya sha shayi, su yi musun ƙwallo da Emeka.

Yanzu wurin yana hannunku, kuma na ji kuna shawarar sayen sabon inji, irin na zamani da aka ce tawadarsa ba ta cutarwa. Ban hana ku ba. Zamaninku ne, kun fi ni sanin kayan yanzu. Abin da nake roƙo kawai, kafin ku biya, ku tambayi ina ruwan wankinsa zai tafi, ina guntayensa za su ƙare, sannan wanda zai yanke shawarar a cikinku ya shiga ɗakin ya yi mako guda yana aiki da shi da kansa.

Baba Emeka ya koma garinsu a kudu tun da ƙafafunsa suka fara ciwo, yana kiwon kaji yana faɗa da jikoki. Da na zo rubuta wannan babin na kira shi in tabbatar da wasu abubuwa, ko durom biyu ne ko uku, ko shugaban makarantar nan ya biya mu daga baya. Ya ce na tsufa na rikice, ya kama gyara mini labarin tun daga farko. Daga nan ya wuce kan tsadar abincin kaji, da rashin kunyar yaran yanzu, da wani fasto da ya ƙi jin shawararsa. Na jingina da bango na sa wayar a kunne ina saurare. Ya yi ta zuba, muryarsa garau, har katina ya ƙare.